Ƙafar Dila a Kan Ma'auni

Mun tashi da asuba daga unguwar Barbès, ni da baffana, wanda ya shekara talatin yana sayar da atamfa a Paris. Lyon muka nufa, inda zan yi bayani gaban malamaina kan tsoffin zane-zanen ƙasar Holan, irin waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a buga kan takarda. Dabbobi ne sanye da tufafin mutane, ana yi wa masu mulki habaici da su. In bayanina bai gamsar ba, bincikena ya tsaya ke nan.

Awa biyu muka yi a jirgin ƙasa. Gonaki kore shar, fararen shanu ƙosassu ba makiyayi. Baffa ya tambayi kuɗin shayi, da ya ji ya kusa yuro huɗu, sai ya ce shi dama ba ƙishi yake ji ba.

A Vénissieux, a gefen Lyon, muka sauka, gidan wata Hajiya 'yar Maraɗi. Sai da ta tambayi lafiyar kowa har na garinmu Damagaram, sannan ta kawo mana dambu da zogale. Na kasa ci.

Da la'asar na tsaya gaban jama'a a wani ɗaki cike a jami'a. Na haska zanen a bango: zaki kan kujerar alƙali, jaki da tunkiya sun kawo ƙara, dila riƙe da ma'auni. Wani tsohon farfesa ya katse ni. Ya ce kowa ya san zanen yabon adalci ne, ina hujjata cewa zambo ne? Sai na ji muryar Baffa daga baya, da Hausa:

"'Yata, dubi ƙafar dilan nan mana."

Na ƙara girman hoton. Ga ta nan ƙarƙashin riga, ta danne gefe ɗaya na ma'aunin. Wata shida ina kallon zanen ban lura ba! Na nuna musu. Farfesan ya matso, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi Baffa inda ya yi karatu.

"A kasuwar Damagaram," in ji Baffa da Faransanci.

Ɗakin ya ɗauki tafi, kuma aka amince in ci gaba da bincikena.

Washegari muka dawo Paris. Na koyi cewa ni takarda nake karantawa, Baffa kuwa mutane yake karantawa, su ne kuma mai zanen ya zana da siffar dabbobi. Tun a hanya ya buga wa gida waya ya ce, "Mun ci jarrabawa." Ban gyara masa ba.