Ba Dunoma da Gidan Zanzaro

Kullum bayan sallar asuba, kafin ya sha kunu, Ba Dunoma sai ya hau tsani ya goge allunan sola da ke kan rufin gidansa a Nguru, can bayan tashar jirgi. In ya sauko sai ya shiga ɗakin da ke jikin zaure, ya kara kunne a jikin wata baƙar kwamfuta mai tsayin tulu. Saba ake ce mata, wato uwar ma'ajiya wadda sauran kwamfutoci ke kai wa ajiya. Yana sauraron ta kamar yadda mai zuma ke sauraron amya. In ƙuginta ya yi daidai ya ce alhamdu lillahi. In ya ji wani ƙas-ƙas, to kunun ranar sai ya huce.

Shekara talatin ya yi a reluwe yana gyaran wayoyi. Da aikin ya ja baya bai zauna gindin bishiya yana ba da labarin da ba. Da furfurarsa ya koyi kwamfuta, a jikin matattun da ake zubarwa. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma tun ina yaro abin da mutane ke tsallakewa shi nake tsayawa kallo, shi ya sa na daɗe a kan bencin ɗakin nan. Yanzu idonsa ya fara hazo, ya ce bayan salla zai ajiye sukuddireba. Na duba, babu mai tara taro dominsa. To, ni zan faɗa, ko ba a tambaye ni ba.

Shekarar da ruwa ya ci unguwanni a Gashua, wani mai hoto da ake kira Abbo ya iso ƙofarsa a keke napep, da buhun shinkafa da wani akwatin ƙarfe mai durowa shida. Shagon hoton gado ne daga mahaifinsa. Duk wanda ya yi aure, ko ya sauke Alƙur'ani, ko ya kama babban kifi a Gashua da Katuzu cikin shekara arba'in, fuskarsa ta bi ta shagon nan. Abbo ya daɗe yana mayar da tsofaffin hotunan cikin kwamfuta, yana adana su a akwatin, kowace durowa da faifan ajiya ɗaya. Da ruwa ya shigo ya narkar da takardu, ya cinye kwamfutar, ya shiga durowa biyu na ƙasa. Akwatin a kafe yake da bango, sai Abbo ya fizge huɗun sama, ya cusa cikin shinkafa, ya ɗora a ka ya fita. Bai tsaya duba wacce ke sama da wacce ba. Akwatin kuwa sai da ruwa ya janye ya koma ya ciro shi.

A nan gizo ke saƙar. Ba Dunoma ya bayyana mini cewa kowane hoto an yayyanka shi an raba wa faya-fayan shida, kamar naman layya. An tsara su ta yadda ko biyu sun mutu, huɗu za su iya haɗa shi, amma sai an san jerinsu. Na'urar da ta san jerin kuwa ta nutse.

Tare da Abbo akwai Taufiq, masanin kwamfuta na Gashua, mai takardar digiri, kuma ba na raina iliminsa. Ya ɗauki durowa ɗaya ya juya ta.

"Ba Dunoma, wannan gawa ce. A share su, Abbo ya fara sabo, ko ba komai ya tsira da faya-fayan."

Ya zaro hankici zai goge wata busasshiyar laka da ke manne a gefen durowar. Tsohon ya kama masa wuyan hannu.

"Ɗana, janye hannunka."

"Datti ne fa, Baba."

"Dattin nan yana wurin lokacin da abin ya faru. Kai kana ina?"

Ba lakar kogi ba ce. Zanzaro ne ya gina gidansa a gefen akwatin, dogo, daga durowar sama har ta huɗu, Abbo kuma bai taɓa kula ba. Da aka fizge durowoyin sai gidan ya karye gida huɗu, kowane ɓari ya bi tasa. Mu uku muna kallo ba mu ga komai ba sai ƙazanta. Ba Dunoma ya ɗora su a kan tabarma, ya kifa musu ƙwarya, ya hana kowa taɓawa har da matarsa, wadda tsintsiya ba ta barin hannunta.

Saura yadda za a haɗa akwatin da saba. A cikin sabar akwai kati mai sarrafa faya-fayai, bakinsa na leƙowa ta baya, amma kebul ɗin da ke shiga bakin, mai kauri mai faffaɗan kai, babu shi a Nguru, babu a Gashua. Aka ba wa direba saƙo zuwa Kano. Na farko ya zo kansa bai dace ba. Wani ya ce a ɗan kankare shi da wuƙa zai shiga. Ba Dunoma ya ce abin da ya shiga da ƙarfi da ɓarna yake fita, ya mayar. Kwana tara aka yi ana jira, shi kuwa yana busar da akwatin, yana canja masa na'urar wuta da fanka. A wurin mai shayi ana cewa, "Ina mai jinyar gawa? Ta yi atishawa kuwa?" Yakan ce, "In ta yi za ka ji, hoton aurenka na ciki, da wandon aro."

Ranar da kebul na gaskiya ya zo, Abbo da Taufiq suka dawo da wata tsohuwa daga Katuzu, Ya Fanne. Ɗanta Ridwanu masunci ne, ya rasu ya bar matarsa da ciki. Yarinyar da aka haifa ta girma da hoto ɗaya na ubanta, ruwa kuma ya tafi da shi. Tsohuwar ta zauna bakin ƙofa ta ce, "An ce mini fuskar ɗana tana cikin shinkafa. Na zo a tsince mini."

Ba Dunoma ya buɗe ƙwarya. Ya dinga kara durowa da durowa yana duba karayar lakar, kamar mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, har kowane ɓari ya sami ɗan'uwansa, gidan zanzaro ya miƙe yadda mai shi ya gina. Ya zura su cikin akwatin daga sama zuwa ƙasa. Ya sa kan kebul a bayan akwatin, ɗaya kan a bakin katin, har ya ji ƙas. Ya fara kunna akwatin, ya jira faya-fayan suka ɗauki juyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kunna saba. Ya ce baƙo ake fara zaunarwa kafin a kira mai gida.

Rubutu ya fito a allo. Taufiq ya karanta. "Katin ya ce ya ga baƙin faya-fayai, bai san su ba. A ba shi izini ya shirya su."

"Shirin nasa shi ne sharewa. Ce masa a'a."

"In an ce a'a ba zai buɗe su ba, Baba."

"Ban ɗauke shi alƙali ba. Ɗan aike ne, ya miƙo mini su yadda suke."

Haka ya saita katin, ya kulle faya-fayan ta yadda za a karanta kawai ba a rubuta komai a kansu, sannan ya gaya wa saba jerin da zanzaro ya bar masa. Daga hantsi har la'asar fitilu huɗu na ƙiftawa, Abbo ya kasa cin abinci. Sai ga shekaru sun jeru a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Aka buɗe shekarar da Ya Fanne ta faɗa, fuskoki suka yi ta wucewa, har ta ɗaga hannu. Wani saurayi ne tsaye, rungume da giwan ruwa.

Ba ta yi kuka ba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, ta ce, "Dubi hular nan. Kullum a karkace. Na yi faɗa har na gaji."

Ba Dunoma, kai ne ka ƙi. A zamanin da komai in ya yi tari sai a ce a jefar a sayi sabo, kai ne ka riƙe hannun mai gogewa. Mai kunnen amya, wanda bai raina shaidar ƙwaro ba. Masu cewa aikinka kwashe-kwashen bola ne, su je Katuzu su tambayi yarinyar da ta rataye hoton ubanta a ɗaki. Ba ka da takarda, ba ka da ofis, kuma fuskokin shekara arba'in ta ɗakinka suka dawo gida.

Mun gode. Allah Ya ƙara wa idon nan haske, Ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu tasowa, in aiki ya zo hannunku ku duba kafin ku goge, ku jira kafin ku danna. Taufiq ne zai gaji ɗakin da sabar, duk Asabar yana zuwa daga Gashua. Makon jiya na ga wani ya kawo masa kwamfuta, ya kai hannu zai kakkaɓe ta, Taufiq ya kama masa wuyan hannu.