Yaro a Takarda

Na sayi motar kafin in tambayi kuɗin inshora, irin wayon da nake da shi ke nan a lokacin. Tsohuwa ce, ja, ƙofarta ta baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Wani makanike mutumin Ghana a Deptford ya sayar mini, ya kawo mini ita har filin bayan ginin da nake haya. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau, tari kawai yake yi da safe kamar kowa a Landan. Na tsaya a gefenta da kwat ɗin aro aka ɗauke ni hoto, na aika Kano.

Ba don gayu na saye ta ba, ko da yake gayun ma ya samu nasa rabon. Inna ce za ta zo. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, kawuna ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin a duba ta a wani asibiti a Camberwell, ni kuma ɗalibi da ke nan aka ce in riƙa kai ta ina dawo da ita. Na san matakalar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, na san yadda bas ke tashi kafin mutum ya gama zama. A bayan hoton na rubuta mata cewa ƙafarta ba za ta taɓa ƙasa ba sai a ƙofar likita.

Ofishin dillalin inshora yana kan babban titin kasuwarmu, tsakanin mai kifi da shagon da muke sayen garin rogo. Bature ne mai sanƙo, mai ladabi irin wanda ba ya kai mutum ko'ina. Ya duba lasina, sabo fil, ya tambayi ranar haihuwa. Na ce ɗaya ga Janairu. Ya yi murmushi ya ce ni ne na huɗu a watan nan, da alama a ƙasarmu mata ba sa haihuwa sai ranar sabuwar shekara. Ya buɗe wani littafi, ya bi layi da yatsa, ya rubuta kuɗi a takarda ya juyo mini da ita.

Na ce masa ai na riga na sayi motar, inshora kawai nake nema.

Ya ce inshorar ce. Ta ninka kuɗin motar biyu har da ɗori. Ya yi mini bayani a hankali: shekarata ashirin da biyu, ni young driver ne, kuma a wurinsu namijin da bai kai ashirin da biyar ba hatsari ne mai tafiya da ƙafa biyu. In na cika ashirin da biyar in dawo, zan ga sauƙi.

A nan abin ya ba ni haushi, domin shekarata ashirin da shida. Kowa a unguwarmu ta Kano ya sani. Ashirin da biyu shekarun fasfo ne, waɗanda suka taso daga rajistar firamare, suka bi ni sakandare, suka samo mini gurbin karatu, suka hau jirgi tare da ni. A gida rage shekaru alheri ne da manya ke yi wa yaro. Mutum zai daɗe a aikin gwamnati kafin ritaya, ba za a ce ya tsufa da neman komai ba. Ni dai na tashi na tarar an yi mini wannan alherin, na ɗauka aikin marigayi mahaifina ne, tunda shi malamin ofis ne mai son lissafin gaba. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ake cin mutum tara don ƙuruciya ba.

Ranar Juma'a a masallacin Regent's Park na kai kuka wurin wani Alhaji da ke da gida a Landan. Ya ce abu mai sauƙi, a sa sunansa a matsayin mai motar, ni a sa ni ɗan rakiya. Da ya ƙirga, sai ya tuna akwai motoci uku na 'ya'yan abokansa da sunansa, a takarda kullum yana tuƙi a unguwa uku lokaci guda. Ya ba ni haƙuri, ya ce in yi ta addu'a.

Inna ta sauka, motar na nan a fili, tattabaru sun mai da ita wurin hutawa. Muka shiga bas. Ina riƙe da hannunta, tana hawa matakala ɗaya tana tsayawa, direba na kallon agogo. Na ji kunya ƙwarai. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta kiran sunana, Babana take ce mini. A cikin mako na biyu, muna jiran bas cikin yayyafi, ta ce, "Babana, motar hoton nan, ta mutane ce?"

Na ce tawa ce. Na faɗa mata komai, har da cewa Baba ne ya jawo mini da lissafinsa.

Ta ce, "Kai ni wurin Baturen."

Na kai ta. Ta zauna a kujerar dillalin, ta gyara mayafi kamar wadda ta zo gaban alƙali, ta ce in fassara ba ƙari ba ragi. Ta ce tana da cikina wata bakwai aka yi bikin samun 'yancin kai, har ta kasa fita kallo. Ta ce ranar Talata aka haife ni, da hantsi, ungozomar ma tana da rai in yana son a rubuta mata wasiƙa. Ta ce ita ta haife ni, ba fasfo ba.

Dillalin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yarda da Hajiya ɗari bisa ɗari, amma kamfani ba shi da gurbin shaidar uwa a fom. Sai ya rage murya ya ce da ni, in har abin da ke fasfona ba daidai ba ne, to wannan magana ce ta ofishin shige da fice, kuma shi yau kunnensa ba ya ji sosai.

Inna ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a gaishe ki da jiki."

Da muka dawo ba ta yarda mu hau sama ba. Ta ce in buɗe mata motar. Na kori tattabaru, na goge kujera da hannun rigata, ta shiga gaba ta miƙe ƙafafu. Ta ce in kunna ta ji. Injin ya yi tarinsa ya kama. Muka zauna a mota mai rai wadda ba ta zuwa ko'ina, gilashi na yin hazo.

Ta ce, "Ka daina ɗora wa babanka. Ni ce."

Ta ce yara biyu ta binne kafin ni. Da na isa shiga makaranta aka zo rubuta yara, ta ɓoye ni a bayan randa. Shekara ta zagayo, ta ce ba ni da lafiya. Haka ta yi ta yi har sau huɗu, Baba na faɗa tana kuka, don ba ta iya jure in wuni inda idonta ba ya ganina. Da aka kai ni a ƙarshe na yi wa aji ɗaya girma, hedimasta ya ce sai an rage.

"Shekarun nan huɗu ba ɓata suka yi ba," in ji ta. "Ni na cinye su. To in na hau bas, bashina nake biya. Kashe ta, kada mai ya ƙare."

Ta gama zirga-zirgar ganin likita a bas, ta koma Kano. Na ji labarin ta gaya wa duk maƙwabta cewa ta shiga motar ɗanta, a gaba ma ta zauna, kuma ba ta yi ƙarya ba. Motar na sayar wa makaniken da ya sayar mini, ya ce ta tsufa a hannuna.

Ranar ɗaya ga Janairun da na cika ashirin da biyar a takarda, kuɗin inshora ya sauko kamar yadda mai sanƙo ya yi alkawari. Inna ta rasu da damunar da ta gabata. Na zama babban mutum a idon kamfani ba ni da wadda zan ɗauka.

Yanzu sa'o'ina na gaskiya sun fara karɓar fansho, ni an rubuto mini cewa saura shekara huɗu. Matata ta ce in nemi lauya a gyara. Na ce a bar su. Na san a hannun wa suke.