Keken Ɗinkin Ɗana

Ɗana na fari tela ne a kasuwar Illela. Da zira zare a allura ya fara gagararsa, na kai shi wurin mai gwajin ido. Mutumin ya yi ta sauya masa tabarau, bai taɓa tura mu asibiti ba. Da muka je Sakkwato da kanmu, likita ta ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu.

Na koma wurin mai gwajin idon na ce, "Malam, mi ya hana ka gaya mana?"

Ya ce, "Inna, ni na halicci idon?"

Hukuma ta ƙwace lasisinsa, ya tsallaka iyakar ƙasa zuwa Ƙonni ya buɗe sabon shago. Keken ɗana kuwa yana zaure, na lulluɓe shi da zane.