Tafin Hannu a Bangon Soro

Ko shekara nawa zan yi a duniya, wata safiyar Juma'a a garinmu Wudil ba za ta fita daga raina ba.

Akwai wani tsohon gidan ƙasa kusa da kogi, wanda aka mayar wurin ajiye kayan tarihi: akussa, komar masunta, mazarin kaɗi, fitilar aci-bal-bal. Amma ba su ne suka ɗaukaka sunan gidan ba. Soron ƙarshe ne. Ana cewa fatalwar wata amarya ce a ciki, wadda angonta ya nutse da jirgin fito tun kafin a yi gada. Duk ƙarshen damina sai a ga sabon tafin hannu a bango. Ni kuwa lokacin littattafan soyayya sun cika min kai, na sha yi wa amaryar nan kuka.

Yayana injiniyan gini ne. Aka tura shi ya duba soron ya rubuta rahoto, domin an yi shawarar rushe shi a ɗora na bulo. Da na ji, sai da na ƙi cin tuwo. Na nace sai na bi shi.

"Sarkin tsoro, in kika suma, a can zan bar ki," in ji shi.

Muka je da hantsi, gari duk ya tafi kasuwa. Tsohon da ke gadin gidan ya yi ta jan gaisuwa yana kame-kame.

"Yallaɓai, yau ba a buɗewa. Ka bari gobe mana."

Yaya ya ce yau ɗin nan zai miƙa rahoto. Dole tsohon ya ba mu hanya.

Mun wuce zaure biyu sai sanyin ƙasa ya rufe mu, ga ƙanshin makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ake haɗa yaɓe da shi. Can muka ji wani sauti, ɗas, ɗas, da siririyar murya tana rera waƙa. Na damƙe rigar Yaya, na ji shi ma yana karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa.

Ya tura ƙyauren. Haske ya faɗo ta 'yar taga, bakan gizon ginin da ya tallafi rufin soron ya tashi sama kamar zai taɓa gajimare, bango kuwa tafin hannu ne birjik. A gindinsa ga wata tsohuwa tsugune, ta ɗaure zani a ƙirji, da ƙwaryar kwaɓaɓɓiyar ƙasa a gabanta. Ta dube mu ba ko razana.

"Lale da maigidana. Takalmi dai a waje."

Muka cire, muka durƙusa muka gaida ta. Ta ce daga Darki take zuwa duk kaka, ranar kasuwa, mai gadi ya shigar da ita ta ƙofar baya. 'Ya'yanta ma'aikata ne, in suka ji tana taɓa ƙasa da tsufanta sun hana ta fita ke nan. Marigayi mijinta magini ne, shi ya yi wa soron gyaran ƙarshe, tana miƙa masa ƙasa.

Na ce, "Iya, ashe son da kike yi masa ne."

Ta yi dariya har da tari. "Ke 'yar nan, mutumin da ya fi barkono faɗa? Cewa dai ya yi in soron nan ya yi damina biyu ba yaɓe zai zauna. Ya mutu, ba mai yi. To, in zuba ido?"

Yaya ya zaga yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, yana kasa kunne. Ya daɗe. Ni ina ta kallon bakinsa, don na san abin da zai faɗa shi ne hukunci. Ya nuna can sama, kusa da azara, inda wasu ƙananan tafuka suka jeru, sun yi baƙi don daɗewa.

"Iya, da tsani kike hawa can?"

"Waɗancan ba nawa ba ne. Haka na same su. Marigayin ma haka ya same su."

Muka ɗaga kai muna kallon sama. Hannaye ne bisa hannaye, mutanen da ba wanda ya san sunansu, kowa ya riƙe soron gwargwadon kwanansa ya miƙa wa na baya.

A rahotonsa Yaya ya rubuta cewa ginin lafiya lau yake, yaɓen ƙasa kawai yake so duk shekara. Bai ambaci kowa ba. Soron yana nan tsaye har yau.

Ranar na gane cewa riƙon amana ba ya bukatar daɗin baki. Sau da yawa mai yinsa ma ba ya kiransa so, ƙwaryarsa kawai yake ɗauka ya tafi.