Ginshiƙan da Yaya ya ƙwanƙwasa

Jiya jikata ta ƙwanƙwasa ginshiƙin barandata, sai na tuna yayana. Magini ne, ba ya wuce gini sai ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne.

Shekarar da ɗana ya kai mu ni da Yaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin, na ga fararen ginshiƙai irin na Turawa a kasuwa, na ce su za a kafa mini. Yaya ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi ƙara kamar ƙwarya.

"Auta, holoƙo ne, ba zai ɗauki rufi ba."

Na ce, "Ni ba na janye magana."

Da kayan suka iso Kano, ya cika cikinsu da rodi da siminti, bai faɗa wa kowa ba. Har yau baƙi na yaba idona. Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.