Mazarin Surukata da Akushin Madugu

A haihuwar mai ɗakina ta uku, surukata ta zo daga Dayi don ta yi mata wankan jego. Lokacin ina sassaƙa a Bakori, cikin shekarun da mutum ba ya nisa da ganuwa saboda harin Maraɗawa. Wani madugu da zai tafi Gwanja sayen goro ya ba ni aikin akushi babba na itacen kawo. Na fafe shi da gizago, na goge shi da jiƙaƙƙen yashi da ganye mai kaushi har ya yi sumul. Saura in yi masa baƙi da ƙarfe mai zafi, in shafe shi da man kaɗe. Na ajiye shi gindin rumbu ya sha iska.

Da na dawo daga gona sai na tarar da tsohuwa ta miƙe ƙafa tana kaɗi, mazarinta yana ta juyi a tsakiyar akushin madugu. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ita ma ta ja mayafi ta amsa wa bango.

Bayan ta tashi na duba. Tsinin mazarin ya zana da'ira kan da'ira, munduwarta ta kuje bakin akushin, ga shatin yatsu na alli. Wanda bai san aikin ba zai ce a shafa mai kawai. Mai ba ya ɓoye tabo, tona shi yake yi, ya fito baƙi ƙirin. Dole a jiƙa wurin itacen ya ɗan kumbura, ya bushe, a bi shi da yashi ta inda jijiyarsa ta kwanta, sannan ganye.

Na goge, na ɓoye shi cikin rumbu. Washegari tsohuwa ta ciro shi. Na ɗora shi kan rufin ɗaki, ta zunguro shi da sanda.

Na ce wa mai ɗakina, "Ke, don Allah ki yi wa Inna magana."

Ta ce, "Malam, matar da ke watsa mini tafasasshen ruwa safe da yamma zan ɓata wa rai? Kai ka faɗa mata."

Ina ni ina magana da suruka! Na ci gaba da guga, ita ta ci gaba da kaɗi. Akushi sai ramewa yake, har in na ƙwanƙwasa shi yana ƙara kamar ƙwarya. Wata rana na ji ta daga bayan dangar kara tana cewa, "Mijin nan naki anya yana da himma? Tunda na zo akushi ɗaya yake shafawa."

Madugu ya zo gani ana saura kwana biyar ayari ya tashi. Ya ɗaga akushin da yatsa biyu, ya ce shi tuwo zai ci, ba faifai ya nema ba. Kwana huɗu na yi ina sassaƙa masa wani a zauren maƙwabcina, kamar ɓarawo.

Ranar arba'in na yi wa siririn akushin guga ta ƙarshe, na ƙona shi, na shafa mai. Ban taɓa yin abu mai sheƙi irinsa ba. Da tsohuwa ta tashi komawa Dayi, ta zuba zarenta ciki, ta ɗora a ka. A bakin ƙofa ta ce wa 'yarta a gaya mini wanda zan yi mata nan gaba ya fi wannan kauri.