Ranar Da Aka Yi Wa Duna Horon Shanu

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan manta da abin da ya faru da wani baƙin kare da muka gada a wurin mahaifinmu. Shekaru sun ja, furfura ta fara yi mini sallama, amma har yau in na ga an ɗaure kare da gajeriyar igiya sai in ji raina ya ɓaci.

Mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Gayam. Mahaifinmu manomi ne da damina, mafarauci da rani, a wancan lokacin da mutum zai shiga dajin Birnin Gwari ba ya tsoron komai sai maciji. Da Allah ya yi masa rasuwa, yayana ya ɗauki shanun huɗa, domin shi ne gwanin horar da su, ni kuma karen farautar ya faɗo hannuna. Sunansa Duna.

Allah ya jiƙan tsoho, amma tarbiyyar da ya yi wa karen nan ba ta yi ba. Irin ta mafarautan da ce: tun yana ɗan kwikwiyo aka kulle shi shi kaɗai a wani kango bayan rumbu, ba ya ganin kowane kare, ana daka masa rina a cikin tuwo wai don zuciyarsa ta yi zafi. Ta kuwa yi zafin, har ta wuce gona da iri. Da mutane ba ruwansa, ko ɗan akuya zai iya tsallake shi yana kwance. Amma da zarar ya hango ɗan'uwansa kare, sai gashin wuyansa ya miƙe, ya manta da zomon da ake bi ya koma kan abokin aiki. A farautar gayya ta ƙarshe da na kai shi, ana tsakiyar korar gada ya yaga kunnen karen wani, gadar ta yi tafiyarta.

A ranar shugaban mafarautanmu ya kira ni gefe ya ce, "Don darajar mahaifinka na yi shiru yau. Ka gyara shi kafin a buga gangar farautar baɗi. In ya sake taɓa karen wani, masu keji za su tafi da shi."

Masu keji su ne 'yan kasuwar nan da ke yawo ƙauye-ƙauye a kan babur suna sayen karnuka, kuma kowa ya san karen da ya shiga kejinsu tukunya ce makomarsa. Na ja Duna muka dawo gida.

Wanda ya taimake ni wani dattijo ne Bagwari daga wajen Kusasu, aminin mahaifinmu, tare suka yi farauta tun suna samari. Yana da wata tsohuwar karya mai suna Durwa, mai sanyin hali, wadda ko an taka mata wutsiya sai dai ta matsa. Bayan an gama girbi ya zo da ita, ya tsaya can nesa a bakin gona ya ce in fito da Duna. Nan take gogan ya fara gurnani yana jan igiya kamar zai tsinka mini hannu.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ɗana, dubi ƙafafunsa na baya. Rawa suke yi. Wannan ba jarumi ba ne, matsoraci ne. Ubanka ya hana shi sanin 'yan'uwansa, shi ya sa kowa ya gani sai ya ɗauka kashe shi za a yi."

Na duba, wallahi rawar suke yi. Na yi shekaru ina taƙama da zafin karen nan, ashe abin tausayi ne nake ja a igiya.

Daga nan muka fara aiki. Da sanyin safiya dattijon zai bi wancan gefen gonar da Durwa, ni in bi wannan gefen da Duna, muna tafiya ɓangare guda, kunyoyin dawa birjik a tsakaninmu. Aljihuna cike da ƙanzo da ɗan busasshen naman gafiya. Duk lokacin da Duna ya kalli Durwa bai yi gurnani ba, ya juyo ya dube ni, sai in jefa masa guntu. In na ga wuyansa ya sandare, ba duka ba tsawa, sai mu ja da baya mu sake. Wata rana mu rage kunya ɗaya, wata rana a mayar da mu inda muka fito. Mutanen gari suka samu abin dariya, matasa na cewa na buɗe makarantar karnuka, har da masu tambayata ko ana ɗaukar sababbin ɗalibai. Na toshe kunnena, domin ina ganin abin da ba sa gani. A hankali kunyoyin suka yi ta raguwa, har ya zama Durwa na iya kwanciya a inuwar ɗorawa, Duna na zaune ɗan nesa kaɗan yana hamma.

Mutum ɗaya ne abin bai yi masa daɗi ba, wato yayana. Ba mugu ba ne, yana son karen kamar yadda nake sonsa, sai dai shi a wurinsa duk wata dabba saniya ce. Kullum maganarsa ɗaya.

"Kai dai kana son wahala. Ɗan maraƙin da ya fi kowa taurin kai, in na haɗa shi a karkiya ɗaya da tsohon sa, kafin azahar ya san gabas. Ka ɗaure su tare kawai, su ja juna su gaji."

"Yaya, sa ba ya cizo," na ce masa.

"Ƙaho fa? Ado ne?"

Muka yi dariya aka bar maganar, ni kuma na ɗauka ta wuce ke nan.

Ana saura ƙiris a fara farauta, ƙafar dattijon ta kumbura, zirga-zirga ta gagare shi. Sai ya bar mini Durwa a gidanmu ya ce in samu wanda zai riƙa ja mini ita. Mutumin da ba ya ba da aron ko wuƙarsa, ya ba ni amanar karyar da ta tsufa a hannunsa. Ana haka aka yi rasuwa a dangin matata a unguwar Magajin Gari, muka tafi gaisuwa da safe. Kafin in fita na ɗaure Duna a bayan rumbu, Durwa kuma a zaure.

Da la'asar muka dawo. Tun daga bakin hanya na hango mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar gidanmu. Yayana na zaune a ƙasa, hannunsa naɗe da tsumma, jini ya rine shi. A gefensa ga wani guntun icce da igiya a kowane kai, ƙaramar karkiya ce ya sassaƙa da hannunsa. Ya so ne in dawo in tarar ya gama mini aikin. Ya ɗaure wuyan Duna a kai ɗaya, na Durwa a ɗayan, ya ja su zuwa gona. Karen da sai da aka yi wata da watanni kafin ya yarda a matso kusa da shi, yau ga numfashin wani kare a kunnensa kuma ba hanyar gudu. Kafin a raba su ya yi wa Durwa kaca-kaca a wuya. Ba ta kai washegari da rana ba.

Ni na je na gaya wa dattijon da bakina. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Dama ta tsufa." Sai ya juyar da kai yana gyara tsumman ƙafarsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Duk da ciwon nan, sai da ya sa aka ɗora shi a babur ya je wurin shugaban mafarauta yana roƙo. Ya ce, "Karyata ce ta mutu, kuma na yafe. Laifin icce ne, ba na kare ba. Ku bar yaron nan ya ƙarasa aikinsa." Shugaban ya ce magana ta riga ta fita a gaban jama'a, in ya janye ta gobe ba wanda zai ji tasa.

Ranar da mai keji ya zo, yayana ya bar gidan tun da sassafe, bai iya tsayawa ba. Ni na riƙe Duna aka zura masa ƙarfe a wuya aka tura shi ciki. Akwai wasu karnuka a kejin, na runtse ido ina jiran faɗa ya kaure. Shiru. Da na buɗe, sai na ga ya kalli na kusa da shi, jikinsa na ɓari, bai yi gurnani ba, ya juyo ya zuba mini ido ta tsakanin waya yana jiran ladansa. Na laluba aljihu, babu komai a ciki. Aka tayar da babur. Ban ji kunyar kowa ba, na tsuguna a wurin na yi kuka.

Ban sake kiwon kare ba, kuma ban sake fita farauta ba tun kafin dajin ya gagari kowa. Ni da yayana muna zaune lafiya, amma har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba. Abin da na koya shi ne, mai faɗa da kowa sau da yawa tsoro ne ke cinsa, kuma ba a cire tsoro da ƙarfi, sai da haƙuri da ba shi wurin ja da baya. Dabarar da ta yi wa sa aiki ita ta kashe mana karnuka biyu a tafi ɗaya, kuma wanda ya yi ta da kyakkyawar niyya ya yi. Shi ya sa yanzu in na ga wani ya kusa gyaruwa, ɗa ne ko dabba, ba mugu nake tsoro ya ɓata shi ba, mai gaggawar taimako nake tsoro.